Reshen Gawo da Hannuna na Dama

Ranar wata Asabar ce cikin watan Nuwamba, shekarar da na shiga aji huɗu, ina da shekara tara. Rana ta take tsaka, ni kuwa ina tsugune cikin tsagar wasu manyan duwatsu biyu, gwiwoyina a ƙirji, na matse jakar lekol ɗina, ta zuwa makaranta, a ciki. Daga nan ina hangen hanyar da muka biyo da safe, 'yar siririya, an jera mata duwatsu masu farin fenti dama da hagu. Tsakanina da ita bai kai taku ashirin ba. Ina jin ana kiran sunana, "Falmata! Falmata!", wani lokaci kusa, wani lokaci nesa, kuma duk sanda muryar ta matso sai in ƙara cusa jikina cikin dutse, in toshe bakina. Ban ɓata ba. Ɓuya na yi, domin na tabbata a raina idan mai kiran nan ya same ni, hannuna na dama zai sare.

A unguwar Birni na tashi, a Zinder, cikin gidan ƙasa da ke jingine da wani ƙaton dutse. Babana baduku ne, zaurenmu kullum cikin warin jima da jan rini yake, kuma shi ya ɗinka mini jakar nan da hannunsa. Da safe nakan share tsakar gida, in kai wa awaki dusa, in bi layin famfo da ɗan bokitina. Da yamma mu yi carafke da 'yar gala-gala a lungu, ko wasan ɓuya tsakanin duwatsu, wanda ba a taɓa cina a cikinsa ba. Amma babban aikina shi ne Iya, kakata mahaifiyar babana. Manomiya ce daga wajen Droum, an dawo da ita birni bayan idanunta sun rufe. Ni ke riƙe mata sanda zuwa bayan ɗaki, ni ke zuba mata ruwan alwala, ni ke faɗa mata launin sararin sama idan ta tambaya. Ita kuma ta biya ni da labarin gonarta.

A cikin labaran nan babu wanda yake dawowa kamar gawo. Ta ce itace ne mai kunya, damina na sauka yake zubar da ganyensa don kada inuwarsa ta tauye gero, sai kowa ya girbe sannan ya yi nasa kore. Gero a gindinsa ya fi na ko'ina tsawo, awaki kuma su yi ƙiba da 'ya'yansa. Sai ta rage murya ta ce, "A zamanin sarakunan Damagaram na dā, wanda ya sare gawo kansa ake cirewa. Wanda ya karya masa reshe kuwa, hannun da ya yi karyar shi ake ɗaukewa." Takan kamo wuyan hannuna, ta ɗora gefen tafinta a kai kamar wuƙa, in yi ƙara in fizge, ta yi ta dariya. Ta kuma ba ni labarin masu gandun daji, masu koren kaki, waɗanda idan aka hango su sun doso ƙauye mata kan tura gatari ƙarƙashin rumbu. A ƙwaƙwalwata ta yarinta sai labaran biyu suka haɗe. Na ɗauka dogaran dā ne suka sake tufafi kawai, hukuncin kuwa yana nan yadda yake.

Ranar da Madam Rakiya, malamar ajinmu, ta ce za a kai mu gandun dajin gwamnati da ke bayan gari mu ga itatuwa, ban iya cin abinci ba don murna. Da safen tafiyar na durƙusa gaida Iya, ta shafa fuskata ta ce, "Yanzu ne lokacin furen gawo. Shekara biyar rabona da ƙamshinsa. In kin gan shi, ki shaƙo mini." Wasa take yi. Ni kuwa har muka hau kamiyo, babbar motar da za ta kai mu, ina tunanin yadda mutum zai ɗauko ƙamshi a hancinsa ya kawo gida bai zube ba.

A ƙofar gandun wani dattijo dogo ya tarbe mu, da koren kaki da hula, da adda rataye a ƙugunsa. Ya ce hanyoyin cikin gandun uku ne, mu kuma mafi sauƙi za mu bi, wadda take zagayawa ta dawo ƙofa, babu hawa babu gangara. "Ku bi fararen duwatsu kawai," in ji shi. "Ba a cirar ganye, ba a karya reshe. Duk wanda ya taɓa mini itace, ni da shi ne." Daga baya ƙawata Hadiza ta ce da murmushi ya faɗa. Ni ban ga murmushin ba, domin addar kaɗai nake kallo.

Da muka shiga sai na mance da shi. Ban taɓa sanin inuwa tana da sanyi iri-iri ba sai ranar. Ta tsamiya daban, mai nauyi, ta aduwa tsirit, ta bedi mai motsi kamar ruwa. Kurciya na kuka ta ko'ina, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin takalmanmu na roba, Madam na gaba tana faɗin sunayen itatuwa, yara na rubutawa a littafi. Ni dai kamar kullum ina can baya, ina kallon yadda rana ke ɗigowa ta tsakanin ganye. Ƙamshin ne ya fara iso ni kafin in ga itacen, wani ƙamshi mai zaƙi kamar zuma a cikin madara. Na waiga hagu, ga gawo tsaye a gefen wasu duwatsu, ya cika da fure fari mai ratsin rawaya, kowane kamar 'yar ƙaramar zangarniyar gero. Wani reshe ya sunkuyo har kan dutsen. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da zuciyata ba. Na tsallake fararen duwatsun, na hau, na kama reshen na ja. Bai karye da sauƙi ba, sai da na murɗa shi, ya ɓalle tare da ɓawon jikin itacen, ya bar dogon tsagi fari. Ƙaya ta karce mini tafin hannun dama, jini ya ɗiga kan dutse.

Ganin jinin nan ne ya dawo da ni hayyacina. Na dubi reshen, na dubi hannuna, sai na ji gefen tafin Iya a kan wuyan hannuna, sanyi ƙalau. A daidai lokacin aka busa usur daga can gaba. Madam ce ke tara yara, amma ni na ɗauka an gan ni. Na lanƙwasa reshen na cusa a jaka, na dirgo, na shige tsagar duwatsun da rarrafe.

Ban san awa nawa na yi a ciki ba. Da farko muryoyin 'yan ajinmu suka yi nisa har suka ɓace, daji ya yi tsit, irin shirun da ake jin bugun zuciya a kunne. Sannan suka dawo, yanzu da sunana a bakinsu. Na ji Hadiza tana cewa, "Falmata, fito mana, kin ci wasan!" Na ji muryar Madam, da farko da faɗa, daga baya da magiya. Dutsen ya ɗauki zafi har yana ƙona mini baya. Ruwan gorata ya ƙare, harshena ya manne. Ƙudan zuma suka biyo ƙamshin, suna zagaya jakata, na riƙa roƙonsu a zuci su tafi kada su tona ni. Da idona ya saba da duhun wurin sai na ga wani abu dogo, fari-fari, kwance a can ƙuryar tsagar, iska na kaɗa shi. Saɓar maciji ce. Na karanta duk surorin da na iya, na koma na sake. Amma ban fita ba. Na auna maciji da adda, na ga maciji mai yiwuwa ne yana nan, mai yiwuwa ba ya nan, adda kuwa na gan ta da idona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rubutu. A ajinmu ni ce ake kira in rubuta kwanan wata a allo saboda kyan hannuna. Na share yashin gabana, na gwada rubuta sunana da yatsan hagu. Haruffan suka fito a karkace kamar sawun kaza. Na goge na sake, na goge na sake, hawaye na ɗiga a kai. Na tuna wa zai riƙe wa Iya sanda, wa zai zuba mata ruwa da buta.

Can sai na ji takun manyan takalma, a hankali, ba irin na mai gaggawa ba. Dattijon ne. Ya daina kira, kansa a sunkuye yana bin sawu. Na ga ya tsallake fararen duwatsun daidai inda na tsallake. Ya tsaya gindin gawon, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon tsagin, ya taɓa jinin da ke kan dutse. Sannan ya juyo. Takalman suka matso har suka tare mini haske, addar na lilo daidai idona. Ya durƙusa, muka haɗa ido.

"Fito, 'yata," ya ce. "Fito a hankali. Ramin nan da mai shi."

Na fito da rarrafe. Na ɓoye hannun dama a bayana, na miƙa masa na hagu, na runtse ido.

"Baba, don Allah ka sari wannan. Da ɗayan nake rubutu."

Na jira. Babu abin da ya faru. Da na buɗe ido sai na ga ya zauna daɓas a ƙasa, bakinsa a buɗe. Ya kwance addar ya jefa ta can nesa cikin ciyawa, ya ce, "Innalillahi. Wa ya faɗa miki haka?" Cikin kuka da shaƙuwa na ba shi labarin Iya, da idanunta, da sarakunan dā, da ƙamshin da aka aike ni in shaƙo. Ya ba ni gorarsa na sha har ta kusa ƙarewa. Ya jawo hannun da na ɓoye, ya wanke ciwon, ya ɗaure da hankicinsa. 

"Nima kakata ta ba ni labarin nan," in ji shi. "Amma ni itace aka ba ni tsaro, ba a ba ni hannun kowa ba. Tashi ki ga laifin da kika yi."

Ya ɗauko addar, na maƙale a bayansa. Ya hau dutsen, ya sare guntun reshen da na bari sara ɗaya, ya gyara bakin tsagin ya yi sumul. Ya ce reshen da aka fizge ruɓewa yake yi ya cuci itacen, wanda aka yanke da kyau kuwa warkewa yake. Sannan ya sa na fito da nawa daga jaka, ya kankare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mini. "Tsohuwa ba ta gani, kada ta soke," ya ce. A bakin ƙofa Madam ta taho da gudu, idanunta jajir, ta ɗaga hannu za ta mare ni. Ya ce, "Madam, a bar ta, ta riga ta hukunta kanta." Hannun da ta ɗaga da shi ta rungume ni.

Bayan la'asar na isa gida. Na ajiye jakar a gaban Iya na buɗe. Ta ɗaga kai, hancinta ya motsa, ta ce, "Gawo," kamar mai kiran wani da ta sani. Ta laluba ta ɗauki reshen, ta kifa fuskarta a kai ta daɗe. Sannan ta ce, "Ja'ira, an ce ki shaƙo, kin sungumo itacen gaba ɗaya!" Ta miƙo hannu za ta kama ni da wasa, sai yatsunta suka faɗa kan hankicin. Dariyar ta tsaya. Na faɗa mata komai, har da hannun hagun da na miƙa. Ta riƙe wuyan hannuna da hannayenta biyu, hawaye na bin idanun nan da ba sa gani. Daga ranar ba ta ƙara ɗora gefen tafinta a wurin ba. Reshen kuwa ya zauna a ƙarƙashin matashinta har furen ya zama gari.

Yanzu Iya ta daɗe da rasuwa, gari kuma ya miƙe har gidajen siminti sun taɓa shingen gandun. Bara na koma gandun. An sa kujeru a gefen hanyar, iyalai na yawo da yara ranar Lahadi, 'yan mata na jingina da itatuwa suna ɗaukar hoto da waya. Na zagaye hanyar duka cikin ƙasa da rabin awa, ina mamakin yadda wuri kaɗan haka ya ɗauki tsoro mai yawa haka. Dattijon ba ya nan, matasan da na tarar kuma ba su san shi ba. Na ga yara suna fizgar ganye suna watsarwa, babu wanda gabansa ya faɗi. Na yi musu murna, na kuma ji takaici, domin babu wanda ya gaya musu cewa an taɓa yin zamanin da reshe ɗaya yake da nauyin hannun mutum. Gawon yana nan. Inda aka gyara masa da adda ya rufe, sai wani ɗan kumburi a ɓawon, tsawonsa ɗaya da farin tabon da ke tafina. Na tsaya a cikin fararen duwatsu, ban tsallake ba, na shaƙi ƙamshin har ƙirjina ya cika.

Wannan karon yadda Iya ta aike ni na yi, sai dai babu wadda zan kai wa.