Na kai jinina Madani, na komo da abuna

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na kudu da Sinnar, ko shayi ban kurɓa ba. An aiko cewa ɗiyata ta haihu a mustashfan Madani, wato asibiti, jini ya ƙi tsayawa, dangi su taho su bayar. Munka hau bokis, motar a-kori-kura, ni a gaba, ƙanen marigayi maigidana a baya cikin buhunan albasa. Shekara tara ban gaishe shi ba, tun da ya ƙwace hawashar marayuna, gonar da ke ciyar da mu.

A Sinnar ruwan kazzan, babbar madatsar nan, na ta rugugi. Munka ci ful mai tsadar nama, waken ma sai ka yi iyo ka kamo shi. Gaba kaɗan, a shinge, wani soja ya ji Hausa a bakina. "Fallata, ina takarda?" Sunan da suke kiranmu ke nan, wai baƙi daga yamma. Na ce an binne cibiyata a ƙasar ga tun ba a yi wa ubanai kaciya ba. Da Hausa na faɗa dai.

Daga nan sai yankin Jazira, auduga ta fashe fari fat, mata a duƙe.

A mustashfan, likitar yarinya ce, ba ta kai autata ba. Ta ɗiga jinina a gilashi, ta girgiza kai.

"Hajja, naki ba ya yi."

"Ke ɗiyar nan, wata tara na ɗauke ta!"

Ta ce cikin jiki akwai 'yan ma'aikata da ido ba ya gani. Kowane ya san kayansa da siffa, kamar mai buga hatimi a buhun auduga. Ya laluba, in ya gane wurin ya manna ɗan sukari, in bai gane ba ya wuce. "Jininki na da wani sukari da nata ba shi da shi, ubanta ta gada. In mun zuba mata, jikinta zai ɗauke shi baƙo, ya yaƙe shi."

Ni baƙuwa a shingen soja, baƙuwa a jikin ɗiyata.

Sai ga mutumin albasa ya naɗe hannun jallabiyya. Nashi ya yi. Leda guda sunka ɗiba, leɓen ɗiyata ya komo ja.

Kwana huɗu munka juyo gida. A ƙofa na ce mishi, "Sannu da hanya." Kamar in haɗiye garwashi.

"Yawwa, Yaya," in ji shi, ya wuce ban-ruwa a hawashar.

Abin da na koyo ke nan: jini ya san nashi, bai san mai gaskiya ba. Kullum safe yanzu sai na gaishe shi.