Mama Icilda Mai Jan Baiti

Kafin rana ta leƙo kan tsaunin ƙauyenmu a Jamaika, Mama Icilda Barrett ta sha shayin citta, ta ɗaure awakinta, ta gangara coci da tsintsiya. Ran Lahadi kuwa aikinta jan baiti ne. Tsofaffinmu ba su iya karatu ba, saboda haka sai ta faɗi layin waƙa da ƙarfi, jama'a su rera, ta faɗi na gaba. Tsoffin waƙoƙin bishara da mutanen ƙetare suka rubuta tun kafin a haifi kakanninmu, daga bakinta muka same su.

Kowa na ƙaunarta, ban da Ɗan'uwa Linval Gayle mai kaɗa piyano. Shi kam kishi ya ci shi. Ya tsufa yana tsara waƙoƙi, burinsa a rera ko guda kafin ya mutu, amma da ya kawo sabuwa sai a ce, "Linval, bar mu da na dā." Ita ko tari ta yi, sai an amsa mata.

Ranar jana'izar matarsa Merle, ana gangarawa da akwatin gawa bayan ruwan sama, Mama Icilda na jan wata tsohuwar waƙa. Ana tsammanin ta ƙare, sai ta ɗaga murya: "Riƙe hannuna a gangaren nan, Yesu, ƙasa ta jiƙe." Jama'a suka rera har da hawaye. Linval ya tsaya cak. Baitinsa ne, wanda ta taɓa ji yana gwadawa shi kaɗai a coci tana shara.

Baitin ya bi ƙauyuka. Amma in Linval ya ji ana cewa, "Mutanen dā sun iya waƙa," ko "Sai dai a bakin Mama Icilda," sai zuciyarsa ta tafasa. Matattu da tsohuwa sun raba yabonsa, shi kuwa ba mai ambatonsa.

Bana muryarta ta dushe, ta ce ta ajiye aiki. A wajen walimar sallama, ana cin shinkafa da naman akuya, Linval ya ja kujera kusa da ita.

"'Yar'uwa Icilda, baitin gangare na waye?"

"Naka mana. Mantuwa ta fara kama ka?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Linval, mutanen nan sun san ka tun kana yawo da gajeren wando. Da na ce naka ne, wa zai rera? Na sa shi cikin na matattu don ya rayu."

Har yau Linval yana cewa ta fi shi sa'ar murya, kuma har yau da ɗaci yake faɗa.

Mama Icilda, ke ce bakin da ya ɗauko mana waƙoƙin mutanen da ba mu taɓa gani ba, ke ce kika ɗauki na maƙwabcinki da ba ya ko gaishe ki da kyau. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku masu murya, ku leƙa kusa da ku, akwai mai baitin da yake jira.

Linval ya riga ya gaya wa fasto waƙar da za a yi ranar tasa jana'izar. Ya ce in ba Icilda za ta ja ba, ko da raɗa ne, a binne shi shiru.