Kyamarar Aro da Waƙar Taubashina

A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare, ina zaune a ɗakin haya a Gwadangaji, kuma zuciyata ba ta wurin aikin. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, amma hankalina yana ƙofar gidan wani maƙwabcina, malamin gona, wanda yake fito da talabijin ɗinsa waje da yamma ranar da ake nuna wasan kwaikwayo. Sauran jama'a dariya suke zuwa yi. Ni kuwa laifi nake zuwa nema: wannan ya ba kyamara baya, wancan ya manta maganarsa yana ta soshe-soshen ƙeya. In an gama sai in tashi da zafin rai kamar an ci rabona. Na cika littattafan rubutu uku da wasannin da ba wanda ya taɓa karantawa.

Mutum ɗaya ne ya san da wannan ciwo nawa, wato taubashina, ɗan kawuna da ke Gulma. Shi ma yana da nasa. Allah ya ba shi murya. In ana yankan shinkafa a fadama ya ɗaga ta, masu lauje a gona ta uku sai sun miƙe sun waiwayo. Burinsa ya zama mawaƙi sosai, irin wanda ake sa wa a rediyo. Amma gidansu ba gidan kiɗa ba ne, manoma ne da masunta tun kaka da kakanni, kuma Kawu ya riga ya faɗa masa a gaban mutane cewa shi bai haifi maroƙi ba.

Duk lokacin da na je Gulma, mukan zauna a kan wani tsohon jirgi da aka kife a bakin ruwa mu yi ta musu guda ɗaya, wai tsakanin ni da shi wa ya fi shiga uku.

"Kai taka mai sauƙi ta, Malam," in ji shi. Malam yake ce mini don tsokana. "In ka shiga akwatin ga ka yi wasan sarki ko na ɓarawo, ka hito, kana nan malaminka. Ni ko in na buɗe baki gaban jama'a sau guda anka miƙo min kyauta, shi ke nan, na zama maroƙi har jikokina."

"Ai kai kayan aikinka suna maƙogwaronka," na ce. "Ko cikin gona ka tsaya kana iya yin abinka. Ni sai da kyamara, sai da lantarki, sai na samu mutum goma da za su bar sana'arsu su zo su tsaya a rana suna faɗin abin da na rubuta. Ina zan same su?"

"To mu yi musanya mana."

Ba mu taɓa gamawa ba. Kullum sai kiran salla ya tashe mu.

Shi ya fara motsawa. Da aka gama girbi ya ɗaure kayansa ya tafi Argungu wurin wani tsohon makaɗi mai kalangu, ya durƙusa ya ce a karɓe shi ɗan amshi. Tsohon ya sa shi ya yi baiti biyu, sannan ya nuna masa zauren da yaransa suke kwana. Kawu ya daina ambaton sunansa a gida. Wannan tafiya tasa ta hana ni zama. Da hutu ya zo na ɗauki littattafaina na shiga mota sai Sakkwato, na yi ta tambaya har aka kai ni wurin wata ƙungiyar 'yan wasa da ke gwaji a harabar wata makaranta. Shugabansu mutumin kirki ne. Ya karanta shafi biyu a tsaye, ya ce da kyau, ya mayar mini. Ya ce su suna da marubucinsu, amma in ina so in riƙa zuwa duk Asabar, wata rana a ga inda za a sa ni.

Na yi ta zuwa. In fita da asuba, in wuni ina kallon wasu suna gwaji, in juyo da yamma jikina duk ciwo. Tunda hanyar ta Argungu take bi, nakan sauka a tasha in nemi taubashina mu sha fura. Ya rame. Aikinsa ɗaukar ganguna, da shanya fata, da maimaita kalma uku a bayan maigida daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ya ce wata rana yana gyaran tsarkiyar kalangu yana rera wani ɗan baiti da ya ƙaga, bai san tsohon yana ji ba. Mako na zagayowa sai ga baitin a bakin maigida a wurin biki, jama'a na ta guɗa.

"To ka ji daɗi ko ka ji haushi?" na tambaye shi.

"Wallahi ban sani ba. Duka biyu."

Ni kuma bayan wata da watanni aka ba ni wasa: mai tallan goro da zai ratsa ta bayan masu magana ya yi sallama ya wuce. Ranar da za a nuna a talabijin na gaya wa duk unguwa. Aka taru a ƙofar gidan malamin gona. Abin da ya fito kafaɗata ce da gefen faifan goro. Wata tsohuwa ta ce ita ta gane rigar. Daga wannan makon ban sake komawa Sakkwato ba.

A kasuwar Birnin Kebbi akwai wani ɗan kasuwa mutumin kudu mai sayar da rediyo da kaset. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu karin Kabawa. Shi ne ya sayo kyamarar bidiyo, ta farko da na taɓa gani da idona, yana ɗaukar bukukuwan manyan mutane da ita. Na mayar da shagonsa wurin zamana. In an tashi makaranta in je in zauna a benci ina kallon jakar kyamarar, ina ba shi labarin wasan da na rubuta: wa da ƙane masunta da suka yi rigima a kan jirgin da ubansu ya bari. Na yi ta damunsa har ran nan ya ajiye rediyon da yake gyarawa ya ce, "Malam, ka hana ni sakat. Kwana biyu zan ba ka, tsakiyar mako, lokacin da babu biki. Kuma ni zan riƙe ta da hannuna, ba mai taɓa min ita."

Na tara 'yan wasa: malamai biyu daga makarantarmu, da wani tela mai ban dariya, da wani masunci na Argungu da ya ara mana jirgi bisa sharaɗin sai an nuna fuskarsa. Mace ce ta gagara. Wata malamar asibiti ta ce za ta yi, ana gobe ta aiko cewa ta fasa. Sai na gyara labarin, matar wan ta zama ba ta fitowa, daga bayan asabari take magana, tela kuma ya maƙale murya ya yi ta.

Ba mu da na'urar yanka da haɗawa, saboda haka dole mu ɗauki labarin a jere daga farko zuwa ƙarshe. In wani ya yi kuskure sai a mayar da kaset baya a sake ɗauka a kai. Batirin mota muke jona wa kyamarar, mutum biyu suna bin mai kaset da shi duk inda ya juya. Na yi ta ihu har muryata ta dushe. Ban taɓa jin daɗin wahala irin ta wannan kwana biyu ba.

A ƙarshen labarin ƙanen zai shiga jirgi ya bar garin, kuma wurin yana son waƙa. Na je na samu taubashina a zauren maigidansa. Ya ce ba zai iya ba, ɗan amshi ba ya yin waƙar kansa sai maigida ya sallame shi.

"Wa zai gani?" na ce. "Kaset ɗaya ne, a hannuna zai zauna. Shekara nawa kana cewa ba a ba ka fili ba? To ga fili."

Ya tashi ya sa takalmi. Na san na matsa masa, kuma a lokacin ban damu ba.

Aka sa shi a jirgi tare da mai kaset, masuncin yana tuƙi. Babu kalangu, babu amshi. Ya yi wata waƙa tasa a kan mutumin da ya bar garinsu ba don an kore shi ba, sai don zama ya gagare shi. Matan da ke wanki can ƙasa suka tsaya da hannu cikin kumfa.

Muka kunna kaset a shago. Iskar bakin gulbi ta cinye maganar kusan duka, sai ka ga baki na motsi kana jin gurnani kamar na injin niƙa. A ƙarƙashin asabari ga ƙafar tela ƙatuwa da takalmin roba. Abu ɗaya ne ya fita tas, waƙar, don lokacin iska ta kwanta kuma kyamarar tana kusa da bakinsa. Duk da haka na nuna shi a ajina wata Asabar da janareta na aro. Aka cika ajin har taga. Inda na so a yi kuka nan aka fi yin dariya. Da aka zo waƙar aka yi shiru, aka ce a mayar, aka sake cewa a mayar.

Mai kaset ba da mugun nufi ya yi ba. Ya kwafe waƙar a kaset na rediyo yana sawa a lasifikar shagonsa don tana masa daɗi. Direbobi suka fara tambaya, ya riƙa kwafa musu. Kafin wata ya cika ana jin ta a tashar Argungu, taku kaɗan daga gidan tsohon makaɗin.

Na raka taubashina ba da haƙuri, tunda ni na jawo. Muka samu tsohon a inuwar zaure yana ɗaure kalangu. Na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, ni na tilasta shi." Bai ko dube ni ba. Ya juya ya kalli taubashina.

"Na ji waƙar," ya ce. "Ta yi kyau. Ba hushi nika yi ba. Amma yaran ga da ka iske nan, wani shekara tai bakwai shina amshi bai taɓa buɗe baki ba. In na bar ka, mi zan ce musu? Tahi, Allah shi ba da sa'a."

Ya sa aka kawo masa kayansa, har da wata riga da ya ƙara masa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Waƙar tana ko'ina, amma kaset ɗin babu suna babu hoto, ba wanda ya san mai ita. Wasu ma cewa suke wani mutumin Nijar ne. Ya nemi makaɗan da za su bi shi, kowa yana da gidan da yake ci a ciki, ba mai barin tabbas ya bi baƙo. Gulma kuma ba ta komuwa. Ya dawo ɗakina a Gwadangaji muka zauna wata uku, ni ina fita makaranta ba da so ba, shi yana zagaya gari yana jin muryarsa tana fitowa daga motocin da ke wucewa. Musun nan namu muka bar shi, ba wanda ya sake tayar da shi.

Ran nan Kawu ya kawo albasa kasuwa, ya biyo ta ɗakin. Ya zauna a bakin katifa ya sha ruwa, ya tambaye ni aiki. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi ɗansa ba, "Ruwa ya janye, ana dashe. Hannu nika so." Taubashina ya ce, "To, Baba." Kawu ya tashi ya tafi. Na ɗauka da safe zai bi shi.

Bai bi shi ba. Ashe ya haɗu da wani Bazabarme mai gurmi a tasha, wanda ke yawon filayen kokawa ta wajen Kamba yana neman mai murya. Kwana biyu bayan zuwan Kawu na raka shi mota. Na ce masa ya yafe mini. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai Malam, ka gyara ƙahwar matar ga." Ya yi shekaru yana waƙar 'yan kokawa da ta manoma a garuruwan iyaka, ana saninsa a can, a nan kuwa ba sosai ba. Sai da ciwo ya kwantar da Kawu ya dawo ya karɓi gona, kuma sun shirya kafin rasuwar Kawu.

Ni kuwa ranar da motarsa ta tashi ban koma ɗaki ba, ni ma zaman garin ya gagare ni. Na wuce ofishin ilimi na rubuta takardar neman canjin wurin aiki, na ce ko ina ne a kai ni, in dai da nisa. Magatakardan ya karanta ya dube ni ya ce ko wani abu aka yi mini. Na ce a'a. Bayan wata biyu takarda ta fito, an tura ni wani ƙauye gaba kaɗan da Ambursa, inda in ka hau tudu kana hango hayaƙin Birnin Kebbi. Na karɓa na tafi, na yi shekara goma sha ɗaya a can.