Yayata da Ta Kai Gida Gareji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha biyu ga wannan wata, Allah Ya karɓi ranki, Yaya. Na yi kuka har idanuna suka kumbura, amma wallahi alfaharin da nake yi da ke ya fi kukan yawa.

Tun ina ƙarama na san ki da keken ɗinki, kuma da la'asar ta yi kike lulluɓe shi da zane. Ko mai kaya za ta yi birgima a ƙasa, sai ki ce aiki ba ya ƙarewa, yanzu lokacin 'ya'yanki ne. Muna ce miki mai taurin kai, ashe ke kika fi mu sanin darajar yini.

Da ciwo ya kama ki, likita ya ce ba na tashi ba ne, gidanki ya yi tsit. Ke kuwa sai kika fito da farantan baƙi daga kabad, kika ce a ci abinci a ciki, kika kuma hana a yi makokin mai rai. Kowa ya bi, ban da mijinki. Bawan Allah ya kasa haɗa ido da ke. Da sassafe zai fice gareji, ba ya dawowa sai kin yi barci, wai motoci sun yi yawa. Kin gane tsoro ne. Kin kuma san in ya ci gaba da gudu, ɗan lokacin da ya rage muku zai wuce, nadama ta cinye shi.

Ba ki yi masa faɗa ba. Wata safiya kika sa na raka ki garejin, kina tafiya da kyar, kika zauna a benci tsakanin tsofaffin tayoyi. Ya fito daga ƙarƙashin mota, sifana a hannu, baki buɗe.

Kika ce, "Injiniya, tunda ka ƙi zaman gida, ga gida ya biyo ka. Yi aikinka, kallonka na zo yi."

Ya durƙusa gabanki yana hawaye, ke kuma kina ce masa kada ya shafa miki baƙin mai a mayafi. Daga ranar, da azahar yake rufe gareji. Ku zauna a baranda, yana yanke miki farce, kina tsokanarsa har maƙwabta na jin dariyarku. A hannunsa kika cika.

Jiya ya ce mini, "Ƙanwata, da ta bar ni da tsorona, da yau ba ni da abin tunawa sai ƙarƙashin mota."

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Mijinki da 'ya'yanki, Allah Ya ba su haƙuri, Ya sake haɗa ku a Aljanna.