Khala Awadiyya da Labarin da Jamal Bai Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, ina fitowa daga ɗakin jarrabawa a Madinat Nasr da ke Alƙahira na kunna waya, na tarar da saƙon 'yarki Fauziyya: "Humaira, Umma ta rasu." Na zauna a kan matakala na karanta shi sau uku. Ciwon zuciyar da kike ce wa gajiya ce kawai, shi ya zama ajali. Kin cika kina da shekara hamsin da huɗu, a ɗaki ɗaya na haya a Hadayek el-Maadi, nesa da gidanki na Omdurman.

Lalle ne ya haɗa mu. Ƙawata Mardiya za ta yi aure, aka ce mana akwai wata 'yar Sudan da ba a kai ta iya zane ba, muka hau jirgin ƙasa na metro muka zo. Muna ta hirarmu da Hausa, har muna gulmar ƙanƙantar ɗakin, kina riƙe da ƙafar amarya ba ki ɗago ba. Sai da kika gama kika ce, "'Yan mata, ɗakin ƙarami ne, amma kunnen mai shi babba ne." Na so ƙasa ta tsage in shige. Kika yi dariya, kika ba mu labarin kakanki da ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai tafi hajji, ya yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, zangon ya zama gida. Hausarki irin ta tsofaffi ce, wadda rabona da jin ta tun rasuwar kakata. A ranar na ji cewa shekara ashirin da shida kika yi kina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kafin yaƙin Sudan ya maida ke mai lalle. Tun daga ranar nake kiran ki Khala, wato inna da Larabci.

Da za mu tafi kika riƙe ni a bakin ƙofa, kika tambaye ni ko ina jin Turanci. Kika ɗauko wata waya mai fasasshen gilashi daga cikin akwati, a naɗe cikin gyale. Ta ɗanki ce, Jamal, ɗalibin injiniya mai shekara ashirin da biyu, wanda ya fita neman ruwa wata safiya a watan biyu da fara yaƙi, harsashi ya same shi a bakin layi. A filin ƙwallon unguwa aka binne shi, don babu hanyar zuwa maƙabarta. Da kuka fito gudun hijira ke da Fauziyya, wayar nan kika ɗauka kika bar zinarenki.

Cikinta cike yake da littattafan zane na Japan, waɗanda ake kira manga. Akwai ɗaya da ya fi buɗewa. Kika ce kullum yana kwance a tsakar gida yana kallon su yana dariya, ke kuwa kina yi masa faɗa ya tashi ya yi karatu. Yanzu kina so ki san abin da ke ciki, ga shi Turancinku ke da Fauziyya bai kai ba.

Na dawo ranar Juma'a na fara karanta miki ina juyawa da Hausa. Abin da ya fara burge ki shi ne daga dama ake farawa. Kika ce, "Ashe Japanawa mutanen kirki ne, sun san inda ake fara karatu." Labarin wani sarkin yaƙi ne da ya ci ƙasashe bakwai da takobinsa, mutanensa suka ci amanarsa suka kashe shi, sai ya farka jariri a wata duniya, a gidan wata mai gasa burodi. Ƙarfinsa na nan, tunaninsa na nan, amma yana ɓoyewa, don a wannan karon zaman lafiya yake so.

A nan abin ya tsaya mini a rai. Ni ɗalibar Usuluddin ce, sashen ilimin aƙida, a zangon karatun nan ma muka karanta raddin malamai a kan masu cewa rai yana fita daga jiki ya shiga wani. Na ƙarasa babin da ƙyar, na koma gida, na aiko miki da saƙon murya na minti shida. Na kawo aya, na kawo hadisi. Na ce ina tsoron kada shaiɗan ya sa miki tunanin cewa Jamal yana wata duniya yana sabuwar rayuwa. Na yi maganar da muryar wadda ta haddace littafi amma ba ta taɓa binne kowa ba. Ba ki amsa ba. Ni kuma na ɗauke ƙafa, mako bakwai.

Ranar da kika zo ba zan manta ba. Daga Maadi zuwa unguwarmu Hayyul Ashir, metro da ƙaramar bas biyu, sannan bene hawa biyar da gwiwar nan taki mai ciwo. Na buɗe ƙofa na gan ki kina haki, riƙe da kwanon kisra, wainar dawa ta Sudan, da miyar kuɓewa. Kika sha ruwa, kika huta, sannan kika ce:

"'Yata, na saurari wa'azinki, kuma gaskiya kika faɗa. Na san inda ɗana yake. Da hannuna na rufe masa ido. Ba a cikin zanen Japanawa nake nemansa ba. Shekara ashirin da biyu ina ciyar da shi, amma ban san abin da ke ba shi dariya ba. Wannan kaɗai nake so in sani. In haramun ne, faɗa mini."

Na durƙusa na nemi gafara, kika ce, "Ma'alesh, ba komai, ci abinci kafin ya huce."

Daga nan Juma'a ta zama tamu. Bayan la'asar ki dafa shayi da na'ana'a, ki sa tabarau, mu haɗa kai a kan ƙaramin gilashin nan. Ba ki taɓa barin jarumin ya huta ba. In ya tsaga dutse da hannu ɗaya ki ce, "Duk ƙarfin nan, bai iya ɗebo wa uwarsa ruwa ba?" In ya tuna mutanen da ya kashe a rayuwarsa ta farko ya kasa cin abinci, sai ki ce in sake karanta wurin. Akwai wani dodo mai kai uku da kika ce kamarsa ɗaya da shugaban makarantarku na dā.

Wata rana muka buɗe ma'ajiyar hotuna, muka ga Jamal ya ɗauki hoton wasu shafuka ya ajiye. Ɗaya daga ciki, jarumin ne ya dawo daga kashe dodo, ya shigo gida da takalmi duk taɓo, mai gasa burodin ta bi shi da ludayi, shi kuma yana gudu yana kare kai. Jamal ya tura wa wani abokinsa hoton, ya rubuta da Larabci a ƙasa: "Wallahi Ummata ce wannan." Kika yi dariya har tabarau ya faɗi. Dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya, Fauziyya ta shigo a guje tana tambayar lafiya. Kika ce mata, "Ɗan'uwanki ne yake gulmata."

A watan Oktoba muka kai babi na sittin da uku. Wayar ta nuna a nan ya tsaya, tsakiyar shafi, jarumin yana bakin wata gada maƙiya suna tahowa. Na ce akwai babi fiye da ɗari a gaba, zan iya nemo su. Kika daɗe kina kallon gadar.

"Khalas, ya isa," kika ce. "Daga nan bai sani ba. Ni ma ba na so in sani."

Kika naɗe wayar a gyalenta kika maida akwati. Na ɗauka aikina ya ƙare, sai kika ce Juma'a mai zuwa in taho da labarin Haɗeja. Ni 'yar Azare ce, sau biyu kawai na taɓa zuwa, amma na kwashe abin da na sani na ba ki: kogin, kifin, kasuwar. Kika ce in Allah ya kawo zaman lafiya, sai kin fara zuwa filin ƙwallon nan kin yi wa Jamal addu'a, sannan mu tafi tare ki ga garin kakanki.

Juma'a biyu na ƙarshe ban zo ba saboda jarrabawa. Kin kira ni ranar Lahadi, na ce ina tsakiyar bita, zan kira. Kika ce, "Tamam, ya yi daidai, yi karatunki, ni malama ce, na san watan Janairu." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ina da abubuwa da yawa da na ajiye zan faɗa miki bayan jarrabawa, Khala, kuma har yanzu suna nan ban san wa zan faɗa wa ba.

Da na isa gidan, abin da ya fi damun Fauziyya shi ne ba ku da namiji ko ɗaya a Alƙahira. Na kira Malam Zubairu, shugaban ɗalibanmu, na faɗa masa. Kafin azahar sun cika layin, 'yan Kano da Zinder da Maiduguri da Maraɗi, waɗansu da takardun jarrabawar gobe a hannu, mafi yawansu ba su taɓa ganin ki ba. Suka yi miki salla, suka raka ki har maƙabarta a bayan gari. Malam Zubairu ya ce da aka zo saka ki a kabari, mai kula da maƙabartar ya dubi taron ya tambaya, "Ina 'ya'yanta?" Sai mutum huɗu suka cire takalma suka sauka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fauziyya, da ƙaninki Isam da ke Sinnar can Sudan wanda hanya ba ta ba shi damar zuwa ba, da dangi na Mai Wurno, da ɗalibanki mata da yaƙi ya warwatsa ƙasa-ƙasa, waɗanda wataƙila har yau ba su ji ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ya Allah, baiwarka Awadiyya ta zo maka baƙuwa, daga ƙasar da ba tata ba. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanya gudun hijirarta da rashin ɗanta su zama kaffara. Ka tashe ta cikin salihai, ka shigar da ita Aljannar Firdausi, ka haɗa ta da Jamal a gidan da ba a fita neman ruwa. Amin.