Wietse, Mai Lilo A Bangon Mutane

Kullum da safe, ko ana tsuga ruwa ko iska na neman ture mutum, za ka ga Wietse Hoekstra ya jingine kekensa a ƙofar benenmu. Zai kwance jakar kayan aiki, ya shafa aljihu ya tabbatar ɗan maganaɗisunsa na nan, sannan ya shigo yana ɗingishi. Shi ne mai gyare-gyaren gidan tun da aka mayar da wannan tsohon ofishi na birnin Leeuwarden mazaunin tsofaffi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Mu mazauna gidan nan kusan kowa shi kaɗai yake kwana, shi kaɗai yake tashi. 'Ya'ya sun watse, abokan zama sun riga mu gaba. Sai ka wuni ba ka ji muryar mutum ba in ba ta talabijin ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, abin da ciwo. Ga bangon ɗakunan abin takaici: allon filasta ne aka lulluɓa a kan siraran sandunan ƙarfe, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar gwangwani. Wanda ya ɗaura sukuru a allon kawai, to ranar da bango ya ga dama zai sako masa talabijin ƙasa.

Wietse ba ya farawa da injin huda. Sai ya ce maka, "Zauna a kujerarka, yadda ka saba." Ya ɗauko kwali mai girman talabijin ɗin ya kara a bango, yana ɗagawa yana saukewa har ka ce ya yi. Daga nan ya bi bangon da maganaɗisu a hankali, inda ya manne nan ƙarfe yake. Ya huda, ya zura noti mai fukafukai wanda ke buɗewa ta bayan ƙarfen ya riƙe gam. In ya gama ɗaure maratayin talabijin ɗin, sai ya kama shi da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa, ƙato da shi, yana lilo. Sai bango ya ɗauke shi tukuna yake yarda ya ɗora kayan mutane.

Kai ne, Wietse, mai gwada bango da jikinsa kafin ya bar tsoho a ƙarƙashinsa. Kai ne ke tsayawa shan kofi ko ba ka jin sha, don ka san in ka fita ɗakin zai koma shiru.

A hunturun da ya wuce Aaltje Dijkhuis ta hawa na uku ta faɗi ta karye a ƙugu. Ta dawo daga asibiti da keken dogarawa, sai ga shi katafaren kabad ɗin da talabijin ke kai ya tare hanya tsakanin kujerarta da banɗaki. Ma'aikaciyar jinya ta ce ko a fitar da kabad, ko Aaltje ta koma gidan kula da marasa ƙarfi. Ita kuwa ta kafe. Ba za ta zauna babu talabijin ba, kuma ba za a maƙala mata shi a wannan bangon ba, don da kunnenta ta ji ranar da na wani maƙwabci ya rikito. 'Yarta Femke, da ke can kudu mai nisa, ta yi lallashi har ta gaji, ta fara kawo kwalayen kwashe kaya tana share hawaye.

Wietse ya ga kwalayen a baranda, abin ya tsaya masa a rai. Ya san waɗanda aka kwashe haka, bai ga wanda ya dawo ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Maƙwabciya, a ba ni aron bangon nan na ɗan lokaci."

"Bangon takarda? Ka rufa mini asiri. Ƙugu ya tafi, so kake kai ma ya bi shi?"

"Ni da talabijin ɗinki wa ya fi nauyi?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Da wannan tumbin? Ai ka yi biyar ɗinsa."

"To in bangon ya kayar da ni, da hannuna zan taya Femke ɗaure kaya."

Ta zauna tana gunaguni, ya kara kwali, ta ce sama, ta ce a'a ƙasa, ta ce shi dai ba ya ji. Maganaɗisu ya manne, injin ya yi kukansa. Da ya kama maratayin ya ɗage ƙafa, Femke ta rufe ido. Bango ko gezau. Aaltje ta ce, "Sake, ban gani da kyau ba." Ya sake, gwiwa na masa zugi. A ranar aka fitar da kabad, kwalayen Femke suka koma mota babu komai a ciki.

Ta haɗa masa kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ya ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi kamar yadda kowa ke yi a ƙasar nan, inda baƙo ba ya wuce biskit ɗaya. Sai ta ce, "Kai naka talabijin ɗin a wane tsayi ka kafa?"

Ya juya cokali a kofinsa. "Nawa yana ƙasa, jingine da bango."

"Kai ɗin? Haba!"

"Aikin na mutum biyu ne, maƙwabciya. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya riƙe kwali. Tun da matata Sjoukje ta rasu na koma ƙaramin ɗaki, in na zauna babu mai riƙewa."

Aaltje ce ta ba ni labarin nan daga baya. Mutumin da ya shiga ɗakin kowannenmu, babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar yadda nasa yake.

Wietse, mun gode. Duk wanda ya zauna a kujerarsa a gidan nan ya ɗaga ido babu fargaba, aikin hannunka ne. Ku kuma masu sana'ar shiga gidajen mutane, ku koyi zaunar da mai gida ku tambaye shi kafin ku huda. Mu da ake yi wa aikin, mu riƙa tambayar mai yin yadda ya kwana.

Ranar Asabar Aaltje ta tasa ni gaba, na kai ta gidansa da kekenta da gwangwaninta. Ya buɗe ƙofa ya tsaya sororo.

"Matsa, ka tare hanya," in ji ta. "Zauna a kujerarka, yadda ka saba."

Ya zauna. Na kara kwali a bango. Da yatsa ya nuna sama ko ƙasa, yana goge ido da ɗaya hannun. Aaltje ta yi kamar ba ta gani ba. Ta buɗe gwangwanin biskit ta ajiye a gabansa, ta jefa murfin cikin jakarta.