Ba-Gaggawa da Mazaunin Inji

A layin masu walda, Ba-Gaggawa ake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun yana aiki a kamfanin ƙera bodin manyan motoci, inda ya shekara goma sha ɗaya. Ko shugaban sashe ya tsaya a kansa yana duba agogo, sai ya auna ƙarfe sau biyu kafin ya yanka. Da kamfanin ya rufe, ya kama rumfa a bayan shagunan masu sayar da fenti, ya koma yin ƙofofi da tagogi. Masu ciniki kan yabi aikinsa, sannan su kai nasu wurin maƙwabcinsa mai gama ƙofa a wuni ɗaya. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. Mai ɗakinsa kan ce da shi za a aika kiran mutuwa, da duniya ta cika har ta batse.

Yana da shekara sittin da biyu, mijin babbar 'yarsa, wani kafinta, ya sayi tsohon injin goge katako. Ƙarti shida ne suka sauke shi daga mota. Injin yana bukatar mazauni na ƙarfe, amma kafintan ya san halin surukinsa, ga aiki yana jira, sai ya kai wa wani can. A kwana ɗaya aka haɗa masa da siririn bututu, aka shafe da shuɗin fenti.

Bayan mako biyu 'yar ta zo rumfar uban. Ya jawo mata benci, ya ce, "Uwata, lafiya da rana haka?"

Ta ce, "Baba, injin nan tafiya yake yi. Da safe yana jikin bango, kafin azahar ya kusa bakin ƙofa. Katakon kuma duk ya fito da tudu da kwari. Shi kunya ta hana shi zuwa."

Ba-Gaggawa ya ce, "To, ko ku saya masa takalmi."

Washegari ya je shagon mijin nata. Kafintan ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara kame-kame. Tsohon ya ce a kunna injin. Ya dafa ƙafar mazaunin yana jin yadda take karkarwa, ya sunkuya ya shafa wata walda da ta soma tsagewa, sannan ya bi daɓen da tafin hannu. Simintin ya gangara wajen ƙofa.

Kafintan ya ce, "Baba, ko za ku ɗan ƙara masa ƙarfi ne kawai?"

"Wannan ka ajiye shi ka riƙa ɗora butoci. Sabo za a yi. Kwana biyar."

Ya sayo ƙarfe mai kusurwa, mai kauri, wanda mutum ɗaya ba ya ɗaukar sanda guda sai da nishi. A ranar farko abin da yake ɓoyewa ya fito fili. Ya ja tef ɗin awo a gindin injin, ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta, ya juya wajen haske. Lambobin sun haɗe masa. Ya fi shekara yana aikin ƙofa da wata sanda da ya yi wa tsaga-tsaga, yana lalube da farce, amma ramukan gindin inji ba su yarda da lalube.

'Yar tana tsaye, ta kawo wa mijinta abinci. Ta ajiye kwanon, ta tsuguna kusa da shi, ta ce a hankali, "Tamanin da bakwai da rabi."

Ya miƙa mata tef ɗin. Sannan ya ce, "Sake dubawa."

Haka suka yi kwana biyar. Ita ke karanta awo tana ja masa layi da farin alli, mai kauri yadda zai gani. Shi ke yanka. Bai kama walda gaba ɗaya ba, sai ya ɗiga a kowace kusurwa tukuna, ya sa ta auna daga wannan lungu zuwa wancan, ta sake daga ɗayan, har awon biyu suka zo daidai. Sannan ya ce ta juya baya, ya sauke gilashin fuska ya bi kowace gaɓa. Waldar kam hannunsa ya san hanya. Ya gicciya ƙarafa tsakanin ƙafafun, ya liƙa faranti mai faɗi a ƙarƙashin kowace, da noti babba da za a murɗa a ɗaga ko a sauke saboda gangaren daɓen.

Rana ta shida ƙartin suka dawo, suka ɗora injin. Ramuka huɗu suka hau kan huɗu. Aka ɗaure, aka kunna. Ƙarar ma ta canza, ta koma ƙasa-ƙasa. Kafintan ya tura katako, ya karɓe shi ta ɗaya gefen, ya ɗaga shi saitin ido ya daɗe yana kallo. Ya buɗe baki zai yi dogon jawabi, surukin ya ce ya samo fenti kafin tsatsa ta riga shi.

A hanya 'yar ta ce, "Jibi za mu asibiti." Ya ce yana da taga uku a hannu. Ta ce tagogin ba za su gudu ba.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aka yi masa aiki. Na dama ya washe, na hagu ya rage dishi-dishi. Ya ci gaba da buɗe rumfa shekara huɗu bayan nan, yawanci gyaran baro da ƙafar kujera. Da gwiwa ta hana shi tsuguno, ya bar wa wani mai gyaran babur rumfar, ya kwaso kayan aikinsa a buhu biyu ya zuba a ƙarƙashin gado. Mai ɗakinsa ta yi mita wata guda, daga baya ta saba share gefensu.